Ɗan'uwa ya faɗi cikin zunubi, ya tuba, amma kowa na gudun sa: ni ya zan yi?

"Baba Fasto ina gaisuwa, ya aiki ya iyali. Ina da wata damuwa da ta daɗe tana cin raina. Akwai wani ɗan'uwa a cocinmu, shi ne shugaban mawaƙanmu a da, shi ya jawo ni cikin mawaƙa tun ina yaro, kusan duk abun da na sani game da addu'a a wurinsa na koya. Bara aka gano yana neman wata mata alhali yana da aure. Bai musa ba, ya amsa laifinsa gaban dattawa, aka sa shi a horo aka sauke shi daga aiki. Yanzu an fi wata goma, yana zuwa sujada amma ba mai kula shi, ni kaina in na hango shi sai in canza hanya. Zuciyata tana cewa in je wurinsa amma ina tsoron a ce ina goyon bayan zunubi, kuma gaskiya har yanzu ina jin haushinsa. Baba wai yafewa na nufin mu yi kamar ba abun da ya faru ne? In mun karɓe shi ba mun raina zunubi kenan ba?"

Ɗana sannu, Ubangiji ya yi maka albarka. Na karanta saƙonka har sau biyu, kuma abun da ya fi tsaya min a rai shi ne wata goman nan da ka ambata. In na fahimce ka da kyau, mutumin nan bai yi gardama ba, ya amsa laifi, ya karɓi horo, bai tattara ya koma wani coci inda ba'a san shi ba kamar yadda da yawa suke yi, yana nan yana zuwa duk Lahadi yana zama cikin mutanen da suka san abun kunyarsa, kuma har yau ba wanda ya miƙa masa hannu. Kai kuma kana tsaka mai wuya, zuciya ɗaya tana cewa je ka, ɗaya tana cewa in ka je ka zubar da tsarkin ikilisiya, ga kuma naka ciwon da ba wanda ya tambaye ka. Amsata a taƙaice ita ce ka je wurinsa, kada ka bari wani sati ya sake wucewa. Amma bana so ka je don kawai fasto yace, inaso ka je da zuciyar da ta gamsu, shi ya sa zan ɗan ja maganar.

Da farko maganar haushi. Kada ka ji kunyar sa. Mutumin da ya koya maka durƙusawa gaban Allah shi ne ya yi wannan abu, dole ka ji kamar an yaudare ka, wataƙila ma har ka fara tambayar kanka ko duk abun da ya koya maka ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne. Dawuda da ya rubuta zaburori masu yawa da muke rerawa shi ne ya ɗauki matar Uriya kuma ya shirya yadda za'a kashe mijin a bakin daga, wannan bai mai da zaburorin ƙarya ba, ya dai nuna mana cewa mai waƙar mutum ne mai jini da tsoka. Abun da ka koya a wurin ɗan'uwan nan na Allah ne, ta hannunsa kawai ya biyo. Haushin zai zama matsala ne in ka yi masa shimfiɗa a zuciyarka ka bar shi ya zauna.

Me ake nema da horo tun asali?

Galatiyawa 6:1 ita ce ayar da nake fara buɗewa duk lokacin da irin wannan magana ta zo gabana. Manzo Bulus yace in an kama mutum cikin wani laifi, ku da kuke na ruhu ku komo da shi cikin tawali'u, kuma kowa ya kula da kansa kada shi ma a jarabce shi. Kalmar Helenanci da aka fassara da komo da shi, ita ce dai Markus ya yi amfani da ita a 1:19 inda Yesu ya tarar da Yakubu da Yahaya cikin jirgi suna gyaran tarunansu. Ka yi tunanin masunci zaune da taru a cinya, ya ga inda ya yage, yana bin zaren ɗaya bayan ɗaya yana ƙullawa, aiki ne mai cin lokaci da cin ido, kuma ba ya yin sa sai don yana da niyyar sake jefa tarun nan a ruwa. Hoton da Bulus ya ba mu kenan. Kuma ka lura bai ce fasto kaɗai ba, ku yace, wato har da kai. Ƙarshen ayar kuma Bahaushe ya riga ya faɗe shi, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa.

Matiyu 18 kuma, wadda kowane kwamitin dattawa ya haddace aya 15 zuwa 17 ɗinta, ka je kai kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka kai wa ikilisiya. Abun da ba mu cika dubawa ba shi ne abun da ke gaba da baya. Kafin ayoyin nan labarin makiyayi ne da ya bar tumaki 99 ya tafi neman ɗaya da ta ɓata. Bayansu kuma Bitrus ne yake tambaya sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, ko sau bakwai ya isa, Yesu yace masa bakwai har sau saba'in. Kaga an sa dokar horo ne tsakanin neman ɓatacce da yafewa marar iyaka, kuma ko a cikin aya 15 ɗin kanta Yesu yace in ya saurare ka, to ka samo ɗan'uwanka. Matakan nan uku ma don mai taurin kai aka shimfiɗa su, wanda ya ƙi ji. Naku ya ji.

Sai ikilisiyar Korinti, wadda ta yi kuskure ta ɓangare biyu kuma Bulus ya gyara ta duka biyun. A 1 Korintiyawa 5 wani mutum yana zaune da matar ubansa, ikilisiya ta zuba ido har tana fahariya, Bulus ya tsawata musu sosai yace a fitar da shi daga cikinsu. Amma ko a nan ya faɗi dalili, don ruhunsa ya tsira a ranar Ubangiji. Sai a 2 Korintiyawa 2:5-11 ga wani da aka hora, masana sun rabu kan ko mutumin farko ne ko wani ne dabam da ya yi wa Bulus rashin kunya, amma ko wanene shi abun da Bulus ya faɗa a fili yake, hukuncin da yawancinku suka yi masa ya isa, yanzu ku yafe masa ku ta'azantar da shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi, ku tabbatar masa da ƙaunarku. Sannan ya ƙara da cewa don kada Shaiɗan ya ci ribarmu, gama mun san dabarunsa. Wannan wurin yana tsorata ni gaskiya. Mu dai mun saba tunanin cewa dabarar Shaiɗan ita ce ya jefa mutum cikin zina, shikenan. Ashe yana da ta biyu, bayan mutum ya faɗi ya tashi yana kuka, sai ya sa 'yan'uwa su juya masa baya har ya yanke ƙauna, kuma wannan ta biyun da hannun masu tsoron Allah yake yin ta.

Ko wanda yake cikin horo bai tuba ba tukuna, 2 Tasalonikawa 3:15 tace kada ku ɗauke shi abokin gaba, ku gargaɗe shi kamar ɗan'uwa. To balle wanda ya amsa laifinsa.

Me ya sa muke gudu?

A shekarun da na yi ina wannan aiki na lura ba mugunta ce ke sa yawancin mutane gudun wanda ya faɗi ba. Tsoro ne irin naka, kada a gan ni da shi a ce bakinmu ɗaya. Wasu kuma ba su san abun da za su ce ba, in sun gaishe shi da fara'a kamar sun yi wasa da laifin, in sun ɗaure fuska kamar sun ƙara masa, sai su zaɓi kauda kai, kowa yana jiran wani ya fara, ana haka sati ya zama wata. Akwai kuma waɗanda zafinsu ya yi yawa don abun ya taɓa wani wuri da suke ɓoyewa a rayuwarsu, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani. Ban faɗi wannan don ka fara zargin kowa ba, na faɗa ne don na taɓa kama kaina a ciki.

Amma babban dalili, kuma wannan laifinmu ne mu shugabanni, mun iya fara horo ba mu iya gama shi ba. Ranar da za'a sanar an sa mutum a horo kowa yana nan, an yi mitin, an rubuta a littafi, an karanta ayoyi. Amma sau da yawa ba'a faɗa masa me ake so a gani a rayuwarsa ba, ba'a ba wani dattijo aikin bibiyarsa ba, ba'a sa ranar da za'a sake zama a duba ba, kuma ba'a gaya wa jama'a yadda za su yi hulɗa da shi ba. Kamar likita ne ya kwantar da mutum a asibiti ya yi masa aiki ya tafi, ba mai wanke ciwon ba mai zancen sallama. Sannan muna da wani ma'auni da ba na Littafi Mai Tsarki ba, zunubin da ya fito fili shi muke hukuntawa, mai tsegumi da mai rowa da mai ƙiyayya suna cin jibin Ubangiji hankali kwance, alhali a Galatiyawa 5 Bulus ya jera hassada da jayayya da tsattsaguwa a layi ɗaya da fasikanci.

Ikilisiya ta daɗe tana fama da tambayarka

A shekara ta 250 sarkin Roma Desiyus ya ba da doka cewa kowa a daularsa ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban jami'ai a ba shi takardar shaida. Wasu masu bi suka ƙi, aka ɗaure su, wasu aka kashe su. Amma da yawa suka miƙa hadayar, wasu kuma suka ba da cin hanci aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi ba. Da tsananin ya lafa sai ga su sun dawo ƙofar ikilisiya suna neman a karɓe su, kuma ka tuna a cikin jama'ar akwai gwauraye da marayun waɗanda suka tsaya har mutuwa. Wani shugaba a Roma mai suna Nobatiyan yace sam, ikilisiya ba ta da ikon maido da wanda ya yi musun Almasihu, har ya ɓalle ya kafa nasa ɓangaren. A Kartaj kuma, ƙasar Tunisiya ta yau, wasu suka ce a karɓe su nan take ba wani jira. Bishop ɗin garin, Sifiriyan, da sauran bishop-bishop da suka taru a 251 suka bi tsakiya, a duba kowa da irin laifinsa, a ba shi lokacin nuna tuba, amma ƙofa a buɗe take. Ba'a daɗe ba da suka ga alamar wani tsanani na tafe sai suka karɓi duk masu tuban, da hujjar cewa ba za ka tura mutum fagen fama ka hana shi abincin da zai ƙarfafa shi ba. Sifiriyan ɗin nan ba mai sakaci da bangaskiya ba ne, a 258 an sare kansa saboda Almasihu. Kuma a babban taron Nikiya na 325 an ce duk malamin ɓangaren Nobatiyan da yake son dawowa sai ya yarda a rubuce cewa zai yi zumunta da waɗanda suka faɗi a lokacin tsanani aka maido su. Wato ikilisiya ta duba masu cewa mu tsarkaka ne ba ma cuɗanya da faɗaɗɗu, tace musu ku ne kuke buƙatar gyara.

Ai tun kafin zamaninsu ma, ga Bitrus. A bakin wutar gawayi ya yi musun Ubangijinsa sau uku a farfajiyar babban firist, Yahaya 18:18 ta ambaci wutar. A Yahaya 21:9 Yesu da ya tashi daga matattu shi da kansa ya hura wata wutar gawayi a bakin teku, ya ciyar da almajiransa tukuna, sannan ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, ya kuma danƙa masa tumakinsa. Bai share zancen ba, tambaya ta uku ta sa Bitrus baƙin ciki, amma Yesu ne ya neme shi. Ga kuma Yahaya Markus da ya bar su Bulus a tsakiyar tafiyar bishara ya koma gida, har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa a Ayyukan Manzanni 15 don Bulus ya ƙi a sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Timoti cewa ya zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Ina yawan tunanin da Barnaba ya ji tsoron abun da za'a ce, da ina Markus ya ƙare.

Yafewa dabam, amana dabam, muƙami dabam

Nan ne amsar tambayarka ta ko za mu yi kamar ba abun da ya faru. A'a. Yafewa ma ba ta yiwuwa sai an kira laifi da sunansa, ba'a yafe abun da ba laifi ba. Duba misalin da Yesu ya bayar a ƙarshen Matiyu 18. Wani bawa ne sarki yana bin sa talanti 10,000, shi kuma yana bin ɗan'uwansa dinari 100. Dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, talanti ɗaya kuma kusan dinari 6,000 ne, kaga bashin farko ya kai dinari miliyan 60, abun da ba mai iya biya ko zai rayu sau ɗari. Amma dinari 100 ɗin ma ba wasa ba ne, guminka ne na wata uku da ɗoriya. Yesu bai ce abun da aka yi maka ƙarami ne ba, cewa ya yi ka ajiye shi kusa da naka da aka yafe maka ka duba. Yafewa ita ce ka saki wuyan mutum, ka daina jiran ranar da zai biya ka, ka daina jin daɗi in ka ji ana zaginsa.

Amana kuma gina ta ake yi, kuma wanda ya rushe ta shi zai ɗauki tubali. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, ba za ka ce masa ba shi da bangaskiya ba. In ma'aji ya ci kuɗin baiko ya tuba, za mu yafe masa mu ci abinci tare da shi mu karɓe shi a teburin Ubangiji, amma mayar masa da makullin akwati washegari ba ƙauna ba ce, jarraba ce muka ɗora masa. Haka ɗan'uwanku, yafe masa ba ya nufin ranar Lahadi mai zuwa ya karɓi makirufo ya tsaya gaban mawaƙa. Sharuɗɗan shugabanci a 1 Timoti 3 suna maganar mutum marar abun zargi mai kyakkyawar shaida har a wurin na waje, kuma shaida lokaci take ci. Ko zai taɓa komawa wannan aikin, ikilisiyoyi sun bambanta, wasu suna maidowa bayan shekaru wasu ba sa maidowa a kan irin wannan laifin. Ni a nawa ganin mai yiwuwa ne amma a hankali ƙwarai, kuma ba da roƙonsa ba. Wannan hukuncin dattawanku ne, ba nawa ba ne daga nesa, ba kuma naka ba ne. Abun da ke hannunka shi ne kujerar da ke kusa da shi.

Za ka tambaye ni ta yaya za'a san tubansa na gaske ne. Zuciya Allah ne kaɗai ke ganinta, mu 'ya'ya muke dubawa. Saul da Dawuda duka sun ce na yi zunubi. Amma Saul a 1 Sama'ila 15 ya fara da ɗora wa jama'a laifi, da ya amsa kuma sai ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa, damuwarsa sunansa ne. Dawuda kuwa da Natan yace masa kai ne mutumin, bai kawo hujja ko ɗaya ba. Abun da nake dubawa kenan, shin yana faɗin laifin kai tsaye ko kullum akwai "amma ai ita ce", shin ya yanke hulɗa da matar gaba ɗaya har lambar waya, shin ya yarda wani ya riƙa yi masa tambayoyi masu nauyi, shin yana haƙuri da jinkirin mutane ko yana ƙorafin an ƙi yafe masa. Hawaye kam ban cika dogara da su ba, na ga masu kuka da suka koma, na ga marasa kuka da suka tsaya. Kuma ko Dawuda da aka ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinka, sakamakon bai bar gidansa ba.

Kada a manta da matarsa

Wannan ina so ka riƙe shi da kyau. Sau da yawa in ikilisiya ta tashi nuna alheri sai duk hankali ya koma kan wanda ya yi laifin, ita kuma wadda aka ci amanarta a ce mata ki yi haƙuri ki yafe, kamar abu ne da ake kunnawa da makunni. Wani lokacin ma gudun da ake yi wa mijin har ita da yaran yake shafa, ba ta yi komai ba amma ita ma an daina zuwa gidanta. Ciwonta ya fi naka nesa ba kusa ba. Kada ka zama ɗan aikensa zuwa wurinta, kada ka ce mata ai ya tuba me kuma kike so. In kana da mata, ko akwai wata uwa a ikilisiya mai riƙe sirri, ka roƙe ta ta riƙa leƙa ta. Ita ma ɗaya matar, in 'yar ikilisiya ce, rai ce da Almasihu ya mutu dominta, kuma na sha ganin an maido da namiji an bar macen da tambarin har abada, wannan rashin adalci ne.

Akwai kuma iyakar da dole in faɗa ko da ba ita ka tambaya ba, don wasu za su karanta. Duk abun da na ce game da zunubi ne tsakanin manya. In maganar taɓa yaro ce, ko fyaɗe, ko dukan mace, to laifi ne na hukuma, a kai rahoto, a kare wanda aka cuta, kuma ba'a sake barin mutumin kusa da yara ko ya yi kuka kamar me. Romawa 13 ta ba hukuma wannan aikin. Rufe irin wannan da sunan alheri haɗa baki ne da mugunta. Haka kuma in mutum ya fara maganar ya gaji da rayuwa, addu'a da ziyara suna da muhimmanci amma a haɗa da likita, kada a tsaya.

Ni ma na taɓa yin abun da kuke yi

Shekarun baya mun sa wani ɗan'uwa a horo, kuma har yau ina ganin hukuncin daidai ne. Bayan sanarwa na ce a raina bari in ba shi lokaci ya yi tunani, aiki ya yi yawa, na manta da shi a zahiri ko da yake ina ambatonsa a addu'a. Na dai lura yana shigowa bayan an fara waƙa, ya fita kafin addu'ar rufewa, sai na ɗauka girman kai ne. Wata bakwai sannan na je gidansa, shi ma don matata ta dame ni ne. Ya buɗe ƙofa ya gan ni ya tsaya kamar bai gane ni ba, sannan ya fara gyara kujera hannunsa na rawa, yana zaton na zo da wani sabon hukunci. Muna cikin magana ya ɗauko wayarsa ya nuna min, saƙo na ƙarshe da wani ɗan ikilisiya ya turo masa na sakatare ne, ana ce masa ya kawo makullin ofis. An cire shi daga guruf ɗin WhatsApp a daren da aka yi sanarwa. Yace min Baba ina fita da wuri ne don kada in sa mutane cikin wahalar rasa yadda za su gaishe ni. Ban sami abun cewa ba, ni da na zo da ayoyi a shirye, sai ni na roƙe shi gafara. Tun daga lokacin ba ma sa kowa a horo sai mun rubuta sunan dattijon da zai riƙa ganinsa duk sati da ranar da za mu sake zama, kuma ranar maidowa muna yin ta a gaban jama'a da murna kamar yadda aka yi sanarwar farko a gabansu.

To kai yanzu ga abun da zan ce ka yi. Ka fara zuwa wurin fastonku ko dattijo ɗaya da kake jin nauyinsa, kace Baba inaso in riƙa ziyartar wane, kuma ina tambaya a ina maganar horonsa ta tsaya. Ka faɗa da ladabi, ba da sigar ƙorafi ba. Wannan zai rufe bakin masu cewa kana goyon bayan zunubi, kuma mai yiwuwa tambayarka ce za ta tuna musu da fayil ɗin da suka ajiye. In sun ce akwai wani abu da ba ka sani ba wanda ya sa suka ja lokaci, ka saurare su, ni ɓangare ɗaya na ji, su suna da sauran labarin. Amma ko horo bai ƙare ba, ba na tsammanin akwai dattijon da zai hana ka gaida ɗan'uwanka.

Sannan ka je da ƙafarka, zumunta a ƙafa take, saƙon waya ba zai yi wannan aikin ba. Kada ka shirya wa'azi, ya san ayoyin, shi ya koya maka su. Kada kuma ka tambaye shi yadda abun ya faru dalla-dalla, ba ka buƙatar sani, kuma duk abun da ya faɗa maka ya tsaya a wurinka, kada ya fita ko da sunan a taya shi da addu'a. In maganar ta zo, ka gaya masa gaskiya, Yaya abun da ka yi ya yi min ciwo sosai, na yi wata goma ina gudunka, wannan kuma nawa laifin ne, na zo ne don kai ɗan'uwana ne. Mai yiwuwa ya yi kuka, mai yiwuwa ya yi shiru ya kasa kallon idonka, mai yiwuwa ma ya ɗan yi sanyi da kai don ya saba da kaɗaici, duk kada ya dame ka, ka koma sati na gaba. Haushin naka ma ba lallai ya tafi a ranar ba, nawa a irin wannan yakan ɗauki watanni, ina yafewa yau gobe in tashi in tarar ya dawo in sake kai shi gaban Ubangiji. Kafin ka tashi ku yi addu'a, kuma ka roƙe shi shi ma ya yi maka, don na tabbata tun da abun ya faru ba wanda ya ce masa yi mana addu'a. Ranar Lahadi kuma in ka shiga ka duba inda yake zaune ka je ka zauna kusa da shi, in ya tashi fita kafin a rufe ka bi shi waje ku gaisa. Ka rubuto min bayan kun haɗu, inaso in ji yadda kuka yi.